Daga Tulu Zuwa Kwalba: Tarihin Giya a Ƙasar Gazawa

Wani abokina da ke koyar da tarihi a wata makarantar sakandare ta yankin Agye ya ba ni labarin wata tambaya da ta tsaya masa a rai. Ɗalibinsa ne ya gani a waya yadda mutanen Turai da Amurka suka mayar da giya abin sha'awa, kamar yadda wani a nan yake kiwon tantabara ko doki. Mutum ya dafa 'yar kaɗan a bayan gidansa, ya gayyato abokai, a jera ƙananan kofuna, a yi ta gardama a kan wadda ta fi ɗaci da wadda ta fi ƙamshi. Da yaron ya gama bayani sai ya ce: "Malam, ai dama Nasara ne suka kawo mana wannan abu, ko?"

Malamin ya ce sai da ya ɗan yi jim. Amsar da ta fi sauƙi ita ce ya ce e, a wuce wurin, kowa ya tashi da farin ciki. Amma ya san ba haka zancen yake ba. Nasara sun kawo kwalba. Giya kuwa sun tarar da ita a cikin tulu, da sunanta na Hausa, da masu dafa ta, da ranakun shan ta. Harshenmu ma shaida ne, don ba daga Faransanci muka aro "giyar mulki" ko "giyar kuɗi" ba.

Kafin in ci gaba, bari in share wa mai karatu hanya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma mafi yawan mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji a yau Musulmi ne da ba su taɓa kai ta baki ba. Wannan rubutu ba talla ba ne. Tarihi ne na yadda wani abin sha ya zauna a tsakiyar noma da ibada da siyasar wannan ƙasa, da yadda ya fita daga cikinsu, da abin da ya shigo bayansa. Malami ko uba da bai san wannan ba, wata rana yaro zai yi masa tambayar da za ta bar shi yana inda-inda.

Abin da baƙo ya gani a 1851

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri. Ya sauka a Tasawa, daga nan ya yada zango a Gazawa, sa'an nan ya ratsa daji zuwa Katsina. A littafin tafiyarsa ya siffanta Gazawa da cewa gari ne mai kafi na itace da gwalalo mai zurfi, kuma shi ne sansanin da ya fi kowane kusa da abokan gaba a kudancin ƙawancen Maraɗi da Gobir. Tsakaninsa da Katsina babu komai sai daji da kufai, har da kufan Ɗankama.

A kan Tasawa, maƙwabciyar Gazawa, ya rubuta abin da ya shafi zancenmu kai tsaye. Ya ce da yawa daga mutanen garin ba Musulmi ba ne, suna shan giyar da ake yi da dawa, kuma ya kira ta da sunanta na Hausa. Ya ƙara da cewa da wuya ka ga wanda ya yi tatul yana tangaɗi a hanya. Ko mun yarda da duk abin da baƙo ya faɗa bayan zaman 'yan kwanaki ko ba mu yarda ba, shekarar kaɗai ta isa hujja. A 1899 ne rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso wannan yanki tana ƙone garuruwa, har shugabanninta biyu suka gamu da ajalinsu kusa da Mai Jirgi. Tsakanin giyar da Barth ya gani da zuwan wannan runduna akwai shekara 48.

Su wane ne masu shan ta?

Don a gane su wa Barth ya gani, sai an koma baya kaɗan. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Katsina ta faɗi a wajajen 1807. Sarki Magajin Halidu ya gudo Ɗankama, a nan ya rasu. Wanda aka naɗa bayansa, Ɗan Kasawa, ya nemi mafaka a ƙasar Damagaram. A wajajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin sabuwar gwamnati tawaye, suka kirawo Ɗan Kasawa ya zama sarkinsu. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, kuma Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka faɗi, sun sake kafa gadon sarautarsu a Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Tsibiri kuwa a gundumar Gidan Rumji take a yau.

A nan akwai abin da ɗalibai suke yawan kuskurewa. Sarakunan Maraɗi da na Tsibiri Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai da malaman fada. Amma ƙarfin bakansu da kibiyarsu, da hatsin da ke ciyar da dawakinsu, yana hannun manoma da maharba masu bin addinin gargajiya, waɗanda ake kira Azna ko Anna, 'yan uwan waɗanda ake kira Maguzawa a Kano da kudancin Katsina. Sarkin da Azna suka kirawo ba zai tashi da safe ya fasa musu tuluna ba. Shi ya sa fadar Tsibiri ta riƙe Sarkin Anna da Inna a cikin manyanta, fadar Maraɗi kuma ta riƙe Durbi da Iya. Zama ne na kowa ya san iyakarsa.

Masu jihadi sun san da wannan sarai. A cikin Kitabul Farƙi, inda aka jera halayen mulkin da aka ce ya saɓa wa shari'a, an ambaci ci da sha ba tare da kula da halal ko haram ba. Duk da haka, ko a cikin daular Sakkwato ba a shafe giya ba. An bar Maguzawa a ƙauyukansu suna biyan jiziya, suna noma, matansu suna dafa abinsu. Don haka a ƙarni na 19, ko ta wane gefen dajin Ɗankama ka tsaya, giya alama ce ta wane ne wane. Wanda ya sha, an san gidansu. Wanda ya tuba ya fara salla, abin da ake fara gani ya bari ke nan.

Yadda ake yin ta, da abin da hakan ya jawo

Aikin mata ne, kuma aiki ne mai cin kusan mako. Ana jiƙa dawa, a baza ta a inuwa a rufe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. A shanya ta bushe, a niƙa, a dama, a dafa. A bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, a juye a tuluna tare da ɗan ragowar tsohuwa, a jira ta tashi. Malamin kimiyya zai gane kowane mataki. Tsiro yana tayar da wasu sinadarai a cikin ƙwayar hatsi da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Tsamin yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ragowar tsohuwa kuwa yis ce, ita ke cin sukarin ta fitar da abin da ke bugarwa. Matan ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin da hannu da hanci da harshe, uwa ta koya wa 'ya.

Abin lura shi ne, irin wannan giya, wadda a wurare da dama ake kira burkutu, ba ta ajiyuwa. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta nuna sai ta lalace. Wannan ɗabi'a tata ita ce ta tsara yadda ake shan ta. Ba a ɓoye ta a ɗaka don gobe, ba a ɗaukar ta a aljihu zuwa gona. In an dafa, dole a kira jama'a. Kuma ba a dafawa sai an taɓa rumbu, rumbun gandu kuwa maigida ne kaɗai ke da ikon buɗe shi. Ke nan kafin ƙwarya ɗaya ta kai bakin saurayi, sai ta bi ta hannun mai rumbu, da mai murhu, da idon dattawan da aka fara miƙa wa.

Ina take shiga? Ta farko, gayya. Mai babbar gona da ciyawa ta fi ƙarfin iyalinsa yakan sa rana, matansa su dafa abinci da abin sha, samari su zo da hauya, makaɗa su biyo su. A gidajen Musulmi fura da tuwo ake fitarwa, a gidajen Azna har da giya. A zamanin da kuɗi wuri ne, kuma ba kowa ke da shi ba, wannan shi ne ladan ƙwadago. Ta biyu, bukukuwa: aure, zaman makoki, da shagulgulan bayan kaka. Ta uku, tsafi, inda akan zuba wa abin bauta rabonsa a gindin itace ko bakin kushewa tare da jinin yanka. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin kwarin Maraɗi kuma ya fitar da babban littafinsa a 1975, ya yi bayanin buɗin daji da bikin dubu, wanda manomin da ya tara dami dubu yake rabar da dukiyarsa don a kira shi Sarkin Noma. Tun kafin shi, Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya wallafa nasa nazarin a 1946. Duk wanda ya duba irin waɗannan ayyuka zai ga cewa a wancan tsari hatsi ba abinci kaɗai ba ne, da shi ake sayen girma da hannun taimako.

Kada kuma mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. An yi mashaya a da, an yi faɗa a wurin biki har da fasa kai, an yi maigidan da ya ƙarar da dawarsa a tulu tun kafin bazara, iyalinsa suka shiga damina da yunwa. Gayyar giya kuma mai hali take ƙara wa hali, don shi ne ke da rarar da zai dafa. Malaman da suka yi wa'azi a kanta sun ga ɓarnar da idonsu.

Abin da takobi bai yi ba

Abin mamaki a wannan tarihi shi ne, kusan shekara 80 na yaƙi tsakanin Maraɗi da Katsina bai kawar da giya daga Gazawa ba. Zaman lafiya ne ya kawar da ita, a hankali, ba tare da wani sarki ya yi shela ba.

Bayan Faransa da Ingila sun shata iyaka a farkon ƙarni na 20, hare-hare suka tsaya. Mutane suka fito daga cikin kafi suka bazu a daji suna saran sabbin gonaki, suna kafa ƙauyuka. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Agye da Gidan Rumji a wannan lokaci aka kafa su. Wanda ya yi nisa da gidan kakanni ya yi nisa da wurin tsafinsu da dattawan da ke riƙe da shi. Sai haraji ya zo, kuma da kuɗin Nasara ake biya. Sai gyaɗa ta zo, ta bunƙasa tun daga shekarun 1930, har bayan samun 'yancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen ta. Saurayin da ya sayar da buhun gyaɗa ya ga kuɗi a hannunsa ba zai ƙara yini a gonar wani don ƙwaryar giya ba. Gandu ya fara rabewa, ƙwadago ya koma na kuɗi.

Kasuwanci ya ƙarasa sauran. Hanyar arziki ta koma hannun 'yan kasuwar Maraɗi da abokan cinikinsu na Katsina da Kano, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986 ya kira su da sunan da kowa ya san su da shi, Alhazai. Cinikinsu na amana ne da bashi. Wa zai ba ka kaya bashi in ba ku haɗa sahu a masallaci ba, ba ku ci a akushi ɗaya ba? Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Katsina, ya lura da irin wannan: mutum yakan musulunta a daidai lokacin da ya bar dogaro da babbar gona ya kama fatauci. Wannan ba ya rage wa kowa ikhlasi, Allah ne masanin zukata. Yana dai nuna mana ta wace ƙofa shiriya ta shigo gidaje da yawa. A da burin manomi a kira shi Sarkin Noma, daga baya burinsa ya koma a kira shi Alhaji. Makarantun allo suka yawaita, almajirai suka riƙa zuwa gabas suna dawowa da karatu, kalmar "arne" ta koma zagi.

Ba Musulunci kaɗai ya matsa ba. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka kafa tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, su ma ba su yarda mabiyansu su sha giya ba. Ba'azne da ya zaɓi coci, kamar wanda ya zaɓi masallaci, sai ya ajiye ƙwarya.

Sa'an nan sama ta yi nata. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun koya wa kowa darajar tiya ɗaya ta hatsi. Jama'a ta yi yawa, gonaki suka tsuke, ƙasa ta gaji. Gidan da hatsinsa ba ya kai shi wata shida ba zai jiƙa dawa don biki ba. A shekarun 1980 wa'azin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ya iso Maraɗi da ƙarfi, ya sa duk abin da ke da ƙamshin gargajiya a gaba. A lokacin, a yawancin ƙauyuka, tulun giya ya riga ya zama labari.

Kwalba ta shigo

Yayin da tulu ke fita ta ƙofar baya, kwalba tana shigowa ta ƙofar gaba. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Ingilishi sun yi aiki da wannan a Arewacin Nijeriya, sai dai an bar ƙofa a buɗe ga Turawa da unguwannin baƙi. A ɓangaren Faransa kuwa, kwalba ta biyo jami'an mulki da sojoji da ma'aikatan da aka kawo daga ƙasashen bakin teku. Ta zama abin shan bariki, abin shan mai albashi.

Masana'antu suka biyo baya. A Legas an fitar da kwalbar Star ta farko a 1949, aka buɗe reshe a Kaduna a 1963. A Yamai an kafa Braniger a 1967, mai yin Bière Niger da hoton raƙumin dawa a jikinta, wadda masu ita suka sanar da rufe ta a 2019. Ita wannan giya ba ta san kaka ko bazara ba, ba ta neman izinin mai rumbu, ba ta lalacewa a kwana biyu. Mai kuɗi ya saya, ya sha shi kaɗai a bayan labule.

Rikici a kanta bai ƙare ba. Da jihohin Arewacin Nijeriya suka ƙaddamar da shari'a, Zamfara a 1999, Katsina da Kano a 2000, wasu masu gidajen giya suka tsallako wannan gefen iyaka, mashaya suka riƙa biyo su. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashayu da coci-coci da gidan Iya. Barbara Cooper ta yi bayanin wannan rana a littafinta na 2006 a kan Kiristocin yankin. Dubi abubuwan da aka haɗa a rana ɗaya: kwalbar zamani, da bori, da mishan. Tsohuwar iyakar nan ta wane ne wane ba ta mutu ba.

Dawa ta sake komawa tukunya

Akwai wani juyi da ya kamata ɗalibai su sani. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda kamfanonin giya na Nijeriya suka dogara da shi. Dole suka juya ga dawa, farfara da kaura, har da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta. Injiniyoyi masu digiri suka zauna suna koyon abin da matan Azna suka daɗe da sani: kwana nawa dawa ke yi kafin ta tsira, wane zafi take so. Ko bayan an ɗage haramcin, dawa ba ta fita daga masana'antun ba. Lemunan malt marasa bugarwa da muke rabawa a bikin aure da suna, su ma daga tsiron hatsi ake yin su.

Sha'awar da ɗalibin nan ya gani a waya kuwa ba ta daɗe ba. Wasu mashaya 'yan Ingila sun kafa ƙungiya a 1971 don kare giyar gargajiyarsu daga manyan kamfanoni. A Amurka sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa, daga nan ƙananan masu dafawa suka yawaita. Guguwar ta iso Nijeriya, inda wani ƙaramin kamfani da ya fara a Abuja a 2017 ya raɗa wa kansa sunan Hausa, Bature. Wasu a Amurka har acca suke gwadawa. Abin da suke yabo, wato a yi kaɗan, a yi da hannu, a yi da hatsin gida, shi ne siffar giyar da Barth ya tarar. Bambancin shi ne su nishaɗin mai rara ne. A Gazawa ta da, lada ce da hadaya da shaidar asali. Yaron da ya san wannan ba zai ɗauki abin da ya gani a waya a matsayin wata wayewa da aka bar mu a baya ba. Kakanninsa sun san abin, sun kuma bar shi da saninsu.

Abin da ya rage gare mu

Muna karantar da yara cewa Larabawa sun sha giya kafin Musulunci, kuma an hana ta daki-daki, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa ta 43 a Suratun Nisa'i, zuwa ta 90 a Suratul Ma'ida. Ba wanda ya ce faɗin haka ya rage darajar Sahabbai. To me zai sa mu ji nauyin faɗin namu? A ajin da kake koyarwa, malam, akwai yaron da kakansa ya musulunta a zamanin Diori Hamani, kuma akwai wanda ke yi masa gorin "jikan arna" a filin ƙwallo. In ka karantar da cewa Aznan nan su ne suka tsare kafin Gazawa, suka ciyar da Maraɗi da Tsibiri, kuma jikokinsu ne limamai da alhazan yau, ka cire wa yaro ɗaya ƙaya, ka koya wa ɗayan ladabi.

Sa'an nan mu duba inda haɗarin yake a yau. Ba tulu ke cinye samarinmu ba. Tramol ne da ake haɗiya kafin a shiga gona ko a hau kabu-kabu, da maganin tari mai kodin wanda Nijeriya ta hana a 2018 bayan wani rahoton BBC, da barasar leda mai arha da ke shiga aljihun wando, da sholisho. Duk abin da ya taƙaita giyar da, waɗannan ba su da shi. Ba sa cin mako, ba sa bin ta hannun uwa, ba sa buƙatar taro, ba su da warin da zai tona asiri. Uban da yake jin hankalinsa kwance don ba a dafa burkutu a garinsu, yana gadin ƙofar da ɓarawo ya daɗe da daina bi. Mun gaji haramcin, alhamdu lillahi, amma mun yi sakaci da sa idon da mutanen da suke yi, inda kowane babba ya san abin da kowane yaro ya kai baki. Mu lura kuma da dalilin da yaro ke bayarwa: ƙarfin aiki. A da gayya ce ke ɗauke wa mutum nauyin gona, yau shi kaɗai ne da hauyarsa da ƙwayarsa.

Akwai kuma ilimin da bai kamata ya tafi tare da tulu ba. Tsiron hatsi halal ne, ba ya bugarwa sai an bar shi ya tashi. Masu kunun zaƙi sun san yana ƙara zaƙi. Masana abinci sun tabbatar da cewa ɗan garin tsiro kaɗan yana tsinka kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba, yaron da ake yayewa ya sha abinci mai yawa a ƙaramin ciki. A jihar da ta ga tamowar 2005, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a kiyaye, ɗanyen tsiron dawa yana da guba, irin wadda makiyaya suka sani tana kashe dabba, don haka ana murje tsiron da saiwar a zubar, a dafa garin sosai, kuma a nemi bayanin ma'aikatan lafiya kafin a ba jariri.

Abokina ya ce daga ƙarshe bai ba ɗalibin nan doguwar amsa ba. Aikin gida ya ba ajin duka: kowa ya je wurin wanda ya fi tsufa a gidansu, ya tambaye shi yadda ake gayya a ƙuruciyarsa, me ake ci, me ake sha, wa ke dafawa, kuma yaushe aka daina. Wasu sun dawo da shafi biyu, wasu an kore su da tsawa. Wata yarinya ta dawo ta ce kakarta ta yi dariya har da hawaye, ta ce shekara hamsin ba wanda ya tambaye ta. Waɗanda suka ga ƙarshen wancan zamani da idonsu yanzu sun haura saba'in, kuma kowace damina ana rage su. Wanda yake da irinsu a gida, ya ɗauki alƙalami ya zauna kusa da su tun suna iya ba da labari.